Don Allah masu NestJS ku taimaka min, na makale

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Jidda ne, ina hada wa maigidana manhajar oda ta dabino da abaya da NestJS (tsarin rubuta kod din sabar), yana so alhazai su rika biya da kati, har da katin mada na nan Saudiyya. Kwana 3 kenan ina fama da abu daya wallahi barci ma ya gagara.

Da na rubuta kilayan din biyan kudin (kod din da ke magana da kamfanin karbar kudi) kai tsaye cikin sabis din oda, wato OrdersService, komai na tafiya lafiya, riyal 50 na tura 5000 tunda da halala ake lissafi (halala 100 ne riyal 1), ya wuce. To ban so mabudin sirri ya zauna cikin kod, shi ne na mayar da kilayan din provider (abin da Nest ke hadawa ya mika wa sabis) da useFactory (fankshan din da ke hada shi), na sa ConfigService (mai karanto mabudin daga saituna) a inject, wato jerin abubuwan da fankshan din ke bukata, sai sabar ta ki tashi, tana cewa Nest can't resolve dependencies of the OrdersService, wato ta kasa samo abin da OrdersService ke bukata, ga alamar tambaya a gurbin farko.

Na sa provider din a exports (jerin abin da wasu sassa za su iya amfani da shi) na PaymentsModule, sashen biyan kudi, na duba har sau nawa. Sunan da na ba shi rubutu ne kawai, PAY_CLIENT, ko dole sai na sa @Inject (alamar da ke kiran provider da sunansa) a constructor na OrdersService, inda yake karbar abin da yake bukata? Maigida na ta kira, kuma lokacin Umara ya matso. Allah ya saka da alheri.