Ƙwato kuɗin da banki ya cira ba bisa ƙa'ida ba: waɗanda suka bi hanyar su yi bayani

Baban Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. A nan Kaduna, daga Kasuwar Barci har ta Sheikh Gumi kowa kukan cire-ciren banki yake yi, amma kukan a bakin shago yake ƙarewa. Waɗanda suka san hanya, don Allah a zayyana mana ita. Abin da ni na tabbatar shi ne ƙorafin baki a gaban kanta ba ya dawo da ko kwabo. Sai an rubuta, an lissafa.

Malam Akanta, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Baban Sadik. Kafin rubutu, a fara tantance wanda yake bisa ƙa'ida da wanda ba ya bisa, domin a nan yawancin koke ke mutuwa. Ma'aunin shi ne jadawalin caje-caje na Babban Bankin Najeriya, CBN, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. A cikinsa, kuɗin kula da katin ATM na asusun ajiya bai wuce naira 50 duk wata uku ba, wato 200 a shekara. Idan duk wata ake cire maka 50, an ɗora maka 400 a shekara. Katin da ke haɗe da asusun karant kuwa babu wannan cajin a kansa sam.

Taransifa zuwa wani banki, a jadawalin na 2020: naira 10 in kuɗin bai wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, sannan 50 in ya haura haka. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin, shi ya sa kuke ganin 10.75, 26.88 da 53.75. Waɗannan daidai suke, kada a ɓata takarda a kansu. Haka naira 50 ta taransifar da ta kai 10,000, harajin gwamnati ne, banki karɓa kawai yake yi.

Inda manyan kuɗi suke shi ne cajin kula da asusun karant. A jadawalin na 2020, iyakarsa naira 1 a kan kowace 1,000 da ka fitar zuwa ga wani, ko zuwa asusunka na wani banki. Wanda ya fitar da miliyan 3 a wata, cajinsa 3,000 ne, VAT 225, jimilla 3,225. Duk abin da ya haura haka naka ne. Ba a lissafa shi a kan kuɗin da ya shigo, kuma ba a yi wa asusun ajiya shi. A riƙa leƙa shafin CBN na intanet, domin sukan sabunta wasu alƙaluman, kuma kowane caji da ƙa'idar lokacinsa ake auna shi.

Maman Khadija, Barnawa:
Malam, Allah ya ƙara basira. A ƙara da kuɗin alat. Ƙa'idar ta ce hada-hadar da kai ka yi ita ake cajin saƙonta, ba wadda banki ya yi da kansa ba, kamar sanarwar cire maka kuɗin kati. Ku ƙirga shiga da fitar watan, ku ninka da kuɗin saƙo ɗaya, ku gwada da abin da aka cira. Da naira 4 ne, a 2025 bankuna suka mayar da shi 6. Mai son hutawa da shi yana iya komawa alat ta imel, amma sai ya cike takardar ɗaukar alhaki, kuma ban ba wanda ba ya buɗe imel kullum wannan shawarar ba.

Yaya Mai POS, Kawo:
Tun 1 ga Maris 2025, cirar kuɗi a na'urar bankinka kyauta ce. A ta wani banki, cikin harabarsa, naira 100 kan kowace 20,000. Babu sauran cira uku kyauta. In na'ura ta zare kuɗi ba ta ba ka ba, ƙa'idar Yuni 2020 ta ce a mayar maka da su: ta bankinka cikin awa 24, ta wani banki awa 48, POS awa 72. Kada a yar da rasit ɗin da ya nuna ba ta tafi ba.

Hajiya Babba, Kakuri:
'Ya'yana, ga yadda takardar take tafiya. Ku nemi bayanan asusu na watannin da kuke zargi. Ta imel ko manhajar banki ya fi sauƙi, na bugawa a reshe ana iya cajin naira 20 kowane shafi. Ku ja layi a ƙarƙashin kowane caji, sannan ku yi jadawali a takarda guda: kwanan wata, sunan cajin yadda banki ya rubuta shi, abin da aka cira, abin da ya kamata a cira, da bambancin. Wasiƙar gajera ce, zuwa ga manajan reshe: suna, lambar asusu, lambar waya, jimillar da kuke nema, da cewa a mayar cikin asusun. Babu zagi, babu dogon tarihi, kuma kada a rubuta lambar sirri ko'ina.

Kwafi biyu za ku kai. Su buga wa naku hatimi da kwanan wata, su ba ku lambar bibiyar koke. Kada ku fito babu wannan lambar, ko da an ce ku je za a kira ku. Wajibi ce a kansu, ƙin shigar da koke a ba da lambar tarar naira miliyan 1 ce, cajin da ya wuce ƙa'ida kuma miliyan 2. Koken da ba shi da lamba kamar bashi ne ba shaida.

Baban Sadik, Tudun Wada:
Hajiya, in sun yi shiru fa?

Malam Akanta, Unguwar Rimi:
Yawancin koke mako biyu ake ba su, amma na cajin da ya wuce kima da na bashi kwana 30 ne. Wa'adin na cika sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, ta cpd@cbn.gov.ng, ko a kai takardar ofishinsu da ke titin Yakubu Gowon. A haɗa da kwafin wasiƙar mai hatimi, lambar bibiya, bayanan asusu, jadawalin, da amsar bankin in sun ba da. Wanda ya tsallake bankinsa ya tafi can kai tsaye, dawo da shi za a yi. Koken da ya wuce shekara 6 da faruwar cirar ba a saurarensa, don haka mai tsohon asusun kasuwanci ya fara da shekarar da ta fi nisa.

Maman Khadija, Barnawa:
Idan alat ɗin mayarwa ya shigo, a gwada shi da jadawalin, domin akan mayar da cajin a bar VAT ɗinsa, ko a biya wasu watanni a tsallake wasu. Wani lokaci kuma sukan haɗo da kuɗin ruwa. A ware shi daban, a tambayi malamai yadda za a yi da shi. Sannan a duba bayanan wata mai zuwa. In ba a gyara tsarin asusun a kwamfutarsu ba, cajin zai sake fitowa, sai a koma da tsohuwar lambar koken a nemi gyaran a rubuce.