SIWES: ma'aikatar gwamnati ko shagon sola, wanne ya fi amfani?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga suka yi IT, wato koyon aiki da ɗalibai ke fita yi a wajen makaranta, ko kuma masu karɓar 'yan IT a wuraren aikinsu. Ina lebul 400 a injiniyancin lantarki, samista mai zuwa zamu fita SIWES, wato tsarin IT ɗin a hukumance, na wata 6, an riga an bamu takardar neman waje, kuma yanzu wurare biyu ne a gabana na rasa wanda zan ɗauka. Na farko kawuna ne ya samo min a wata ma'aikatar gwamnati, yace ba ma sai na rinƙa zuwa kullum ba, in dai ina leƙawa jefi-jefi ƙarshen wata oga zai sa min hannu a logbuk, littafin da ake rubuta aikin kullum, ya buga hatimi shikenan. Na biyu wani ƙaramin kamfanin sola ne a nan cikin gari, mai wajen yace zai ɗauke ni amma fa ba zama zanyi ba, duk inda suka samu aiki dani za'a tafi, hawa kan kwano, jan waya, ɗaukar batir, kuma babu albashi sai abinci da ɗan kuɗin mota ranar da aka fita.

Abokaina cewa suke wahalar banza zan ɗora wa kaina, wai IT ɗin suna ne kawai, kowa kwafar logbuk yake yi kuma ya ci. Hajiya kuma ta fi son ma'aikatar saboda tana ganin ta nan ake samun hanyar aiki bayan bautar ƙasa. Ni abin da ke damuna shine shekara huɗu kenan muna lissafi a takarda, amma hannuna bai taɓa haɗa wani abu da mutane za su yi amfani da shi a gida ba. To tsakani da Allah ku da kuka yi, ya amfane ku kuwa? Ko lokaci kawai ya ci muku?

Na Sabon Gari:

Wa alaikumussalam. Ɗan uwa ni gaskiya zan faɗa maka ko da ba zata yi wa wasu daɗi ba, nawa IT ɗin bai ƙara min komai ba. A wani babban ofis nayi, mun fi ƙarfin kujerun da ke wajen saboda 'yan jami'a da 'yan poli da 'yan kwalejin ilimi duk an tara mu waje ɗaya, aikinmu kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, fotokwafi, sai siyo wa oga abinci, in an ɗauke wuta kuma kowa ya kama wayarsa har a tashi. Kuma kullum sai na kashe kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Alawus ɗin SIWES kuma naira 2,500 ne a wata, wata 6 naira 15,000 kenan, shima sai bayan ka gama ake maganarsa, kar ma ka sa shi a lissafi.

Shawarata ka karɓi na kawunka tunda basu matsa maka da zuwa ba, ka yi amfani da lokacin ka koyi wani abu da kanka ko ka kama ɗan kasuwanci. Ba wai na raina sola bane, amma na ga yaran da suka je irin waɗannan shagunan suka ƙare a 'yan dako, mai wajen ya samu lebura kyauta.

Injiniya Abu Fatima:

Ƙanena Ɗan Kurna, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya. Na Sabon Gari bai yi ƙarya ba a kan abin da ya gani, amma ban yarda da inda ya kai maganar ba.

Ka san me yasa aka kawo tsarin tun farko? An kafa ITF, hukumar gwamnati mai kula da horar da ma'aikata, a 1971, ita kuma ta fito da SIWES a 1973, saboda masu masana'antu na kukan cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma basu san inji ba, sai an sake koya musu daga farko. A shekarun da suka biyo baya kuwa wajen zuwa ba matsala bane, a Kano Bompai da Sharada da Challawa cike suke da masana'antu, a Kaduna ga masaƙun Kakuri ga kamfanin haɗa Peugeot ga matatar mai, ɗalibai kuma basu kai yawan na yanzu ba ko kusa. Daga baya masaƙu suka rinƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, makarantu kuma suka ƙaru, shi yasa yau zaka ga ɗalibin injiniya yana zaune a ofishin da ko sukundireba babu. Laifin ba na tsarin bane kaɗai, wuraren ne suka yi kaɗan.

Amma aikin lantarki bai mutu ba, wajen zamansa ya canza. Yanzu wa ke da aiki a hannu kullum? Masu sola, masu wayarin ɗin gidaje, masu naɗin kwayil na motar lantarki da taransifoma, masu gyaran janareto da famfon burtsatse. Je ka Panteka a Kaduna ka ga abin da mutane ke ƙerawa da hannu, da yawansu basu shiga aji ba, kai kana da lissafin su suna da hannun, in ka haɗa biyun ka wuce kowa. A shagon solan nan, in mai wajen ya san aikinsa, cikin wata 6 zaka koyi yadda ake shiga gida a ƙirga lodi, fanka nawa, firji, talabijin, famfo, awa nawa kowanne ke aiki, daga nan a fitar da girman inbata da yawan batir da fanel. Zaka ga da idonka me ke faruwa in an jera fanel a siris da in an jera su a faralel, me yasa caja kwantirola (na'urar daidaita cajin batir) nau'in MPPT ta fi nau'in PWM tsada, me yasa siririyar waya ke zafi a ɓangaren DC, bambancin batir tubula da litiyom wajen kula da daɗewa, da kuma atin, wato wayar da ake haɗawa da ƙasa, da mutane ke raina shi har sai tsawa ta ƙona musu kaya. Duk wannan kun yi shi a aji da sunan doka kaza da doka kaza, amma ranar da ka riƙe mita ka ga boltej ya faɗi saboda tsawon waya, ba zaka sake mantawa ba har abada.

Maganar dako kuma, eh zaka ɗauki batir, nima na ɗauka, kowa ta nan ya fara. Abin da zai raba ka da lebura shine tambaya. Duk aikin da aka je ka ce oga me yasa aka sa wannan bireka ba waccan ba, ka dawo gida ka sake lissafin da kanka ka gani ko ya yi daidai da abin da aka saka, in bai yi ba gobe ka tambaya cikin ladabi. Kuma kafin ka fara ku zauna ka gaya masa kana so ya rinƙa sa ka a wajen lissafi da rubuta kotashan, ba hawa kwano kaɗai ba. In yace a'a to ka nemi wani shagon, suna da yawa.

Ni yanzu in zan ɗauki yaro aiki bana tambayarsa me ya ci a SIWES, mita nake miƙa masa in ce gwada min wannan. Daga yadda ya riƙe ta na san inda ya yi IT.

Abu ɗaya zan ce a kan ma'aikatar don kar in zalunce ta: wasu ma'aikatun suna da injiniyoyi masu fita fili, masu kai wuta karkara ko kula da fitilun titi da injinan ruwa. In kawunka zai iya haɗa ka da irin wannan mutumin ka rinƙa binsa, to wannan wata magana ce daban. Amma in zaman ofis ne da sa hannu, kar ka yarda. Kuma ka sayi takalmin aiki da safar hannu, kar ka taɓa hawa kwano da silifa.

Ummu Hanan:

Ni ba lantarki na karanta ba, maikrobayoloji nayi, mu a lebul 300 muke fita, amma bari in sa baki. Ƙawayena duk manyan asibitoci suka nema saboda suna, ni ban samu ba sai na ƙare a leb ɗin wani ƙaramin asibiti kusa da unguwarmu, lokacin har kuka nayi. Ashe alheri ne. Su can sun yi yawa, sai dai su tsaya bayan ma'aikaci suna leƙe, wasu ma an ce sai sun biya kuɗin benci kafin a karɓe su. Ni kuwa matar da ke riƙe da leb ɗin, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar dani ta koya min yin silaid na maleriya da duba shi a maikroskof, da gwajin rini na Gram, da zuba midiyar da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki, da yadda ake sarrafa otokilef, injin tsabtace kayan leb, da rubuta sakamako yadda likita zai gane. Da muka dawo makaranta firaktikal ya zama min sauƙi sosai, furojet ɗina ma daga abin da na gani a wajen na samo shi.

Amma Yaya Injiniya a rinƙa tuna mu mata, ba ko'ina iyaye ke barinmu mu je ba, kuma akwai wuraren da yarinya zata je oga ya fara mata maganar da bata dace ba, ga logbuk ɗinta a hannunsa. Duk wadda ta gamu da haka ta kai ƙara ofishin SIWES na makarantarsu ta nemi canjin waje, kar ta yi shiru.

Ɗan Kurna ka lallaɓa Hajiya, ka nuna mata sana'a zaka fito da ita a hannu, in sha Allah zata fahimta.

Malamin Poli:

Ni ina cikin masu zuwa duba ɗalibai, mu namu wata 4 suke yi bayan ND 1, sannan ga IT na shekara guda bayan ND kafin a dawo HND. Malam Ɗan Kurna kafin ka yanke hukunci ka je ofishin SIWES na makarantarku da sunan kamfanin ka tabbatar sun amince da shi. A duba yana da rajista, yana da takarda mai ɗauke da sunansa da hatimi da adireshin da za'a same ka, kuma akwai wanda ya cancanta ya sa maka hannu duk sati. Na ga yaran da suka koyi aiki sosai amma suka sha wahala wajen takardu saboda wajen da suka je ko hatimi babu. Da ka fara kuma ka cike fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa da wuri, Fom 8 kuma a ƙarshe.

Masu cewa kowa kwafa yake, muna ganewa fa. Malami ɗaya ana bashi ɗalibai a garuruwa daban-daban, ba lallai ya zo maka fiye da sau ɗaya ba, wannan gaskiya ne kuma rauni ne a wajenmu. Amma ranar difens, wato ranar da ɗalibi ke kare aikinsa a gaban malamai, tambaya biyu ta isa. Wanda ya yi aiki in ka ce ya zana abin da ya haɗa sai ya tashi ya zana har ya gaya maka matsalar da suka samu a wajen, wanda ya kwafa kuwa sati 3 a jere zaka ga an rubuta "gabatarwa ga ma'aikata". Ka rinƙa cike logbuk ɗinka a ranar, da zane, da girman kayan da aka saka, ka ɗauki hotuna da izinin mai gida, ripot ɗinka zai rubuta kansa.

Na Sabon Gari:

Injiniya na ji bayaninka kuma na yarda da rabi. Da na samu mai gaya min haka kafin in fita da wataƙila ba ofis na nufa ba. Amma har yanzu ina nan a kan maganar kuɗi, yaron da babansa ba shi da hali wata 6 ba albashi ba wasa bane, ya kamata a duba alawus ɗin nan a ƙara shi.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah zan fara zuwa ofishin SIWES kamar yadda Malam yace, daga nan in wuce wajen mai solar mu yi maganar lissafi da kotashan. Kawu kuma zan je har gida in yi masa bayani da kaina don kar ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa, zan kuma tambaye shi ko akwai injiniya mai fita fili a wajen nasu. Yallabai Injiniya wace irin mita ya kamata in saya wadda ba zata fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba?

Injiniya Abu Fatima:

Ka fara da dijital ta talakawa mai auna boltej na AC da DC da kwantinuwiti, ta ishe ka yanzu. In kuɗi sun samu daga baya ka sayi kilam mita, wadda ake maƙalawa a jikin waya, amma ka tabbatar tana auna karent na DC, da yawa masu arha AC kaɗai suke aunawa kuma a aikin sola DC ɗin zaka fi buƙata. Ka tafi da mai shagon ko ɗaya daga cikin yaransa ranar siyan, sun san ta ƙwarai da jabu.