Zanen jirage a sansanin Engels: dabara ce ko ɓarnar fenti?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Na duba hotunan tauraron ɗan'adam na sansanin sojin sama na Engels da ke kusa da Saratov a Rasha, waɗanda suka fito a 2023, inda aka zana surar jirgin yaƙi samfurin Tu-95 da fenti a kan daɓen da jirage ke tsayawa. A ganina wannan ɓarnar fenti ce, domin zanen ba shi da inuwa, alhali jirgin gaske mai fukafukai kusan mita 50 dole inuwarsa ta bayyana a ƙasa.

Injiniya Balarabe: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara basira, amma ba don mai zama a ofis yana ƙara girman hoto aka yi zanen ba. Tun harin da Ukraine ta kai wa Engels ranar 5 ga Disamba 2022 abin da ke damun sansanin shi ne jirage marasa matuƙi, kuma idan irin wannan jirgi ya dogara da ƙaramar kyamara wajen tantance abin da zai faɗa wa, siffa yake nema, kuma a cikin 'yan daƙiƙoƙi zai yanke hukunci. Ina ganin abin da ya sa aka jera tayoyin mota a kan fukafukan jiragen gaske ke nan, wato a ɓata siffar na gaske a kuma fito da ta ƙarya.

Malam Habu: Injiniya, ai kafin jirgi marar matuƙi ya tashi an riga an ba shi inda zai dosa, kuma masu zaɓar wurin suna da hotunan rada (na'urar gano abu da igiyoyin rediyo), waɗanda ke ratsa gajimare da duhu. Jikin jirgi yana mayar da igiyoyin rada da ƙarfi, fenti kuwa daidai yake da siminti.

Hajiya Rabi: 'Yan uwa, ni na fi karkata ga Malam Habu, amma da wata hujja daban. A 2024 ma'aikatar tsaron Birtaniya ta nuna hoton filin jiragen sojin Rasha na Kirovske a Kirimiya, inda helikwafta ya sauka a kan zanen jirgin Su-30. Yaudara tana buƙatar kowa a sansanin ya riƙe ta kamar gaskiya, to ina amfaninta idan matuƙan gida da kansu suka tona asirin?

Injiniya Balarabe: Hajiya, wannan sakacin matuƙi ne. Har yanzu ina kan bakana, domin kuɗin fenti bai kai na taya ɗaya ta Tu-95 ba.