Neman shawara: Daura, Haɗejia da Nguru a hutun yara, zai yiwu?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ni malamin makaranta ne, muna zaune a Gwammaja. Ƙanina da ke aiki a Abuja zai tafi kwas, ya ce zai ajiye min motarsa Sienna zuwa ƙarshen watan Agusta. Motar nan asali tare muka yi niyyar saye, sai aka samu matsala a kan kuɗin gadon gidanmu na Ƙoƙi, yayarmu ta ce a jira, shi kuma bai jira ba, maganar dai ta wuce, yanzu lafiya muke. Shi ya sa da ya ce in riƙe motar na ga bai kamata ta zauna a gareji ba. Yarana ba su taɓa wuce Wudil ba. Babbar tana aji biyu a ƙaramar sakandare, an koya musu labarin Bayajidda, kullum sai ta tambaye ni ko rijiyar Kusugu tana nan har yanzu. Namijin kuma tsuntsaye ne a ransa, tattabaru ya cika mana soro da su. Na ji ana cewa a fadamar Haɗejia zuwa Nguru akwai tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Niyyata mu je Daura, mu leƙa Katsina mu ga hasumiyar Gobarau, mu gangaro Haɗejia, mu ƙarasa Nguru, mu dawo. Uwargida ta ce sam, ba za ta kai 'ya'yanta cikin ruwa ba. Surukata ma ta goyi bayanta. Na riga na yi wa yara alkawari. Ya zan yi?

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Malam ba ka faɗi kwana nawa za ku yi ba, ba ka faɗi shekarun ƙaramin ba, kuma a ina za ku kwana? Duk labarin gado ka ba mu.

Baban Ummi: Kwana uku Hajiya. Masauki Allah zai kawo, ba a rasa ɗan uwa a hanya.

Ɗan Haɗejia: Malam, da girmamawa, wannan tsarin naka ba tsari ba ne. Daura da Katsina suna arewa da arewa maso yamma, Haɗejia da Nguru suna arewa maso gabas. Tafiya biyu ka haɗa wuri ɗaya. Amma babbar matsalar ba ita ce wannan ba, watan da ka zaɓa ne. Tsuntsayen da yaronka yake son gani ba sa nan a Agusta. Gudun sanyin ƙasarsu suke yi, sai damina ta ɗauke suke sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. A Agusta abin da za ka tarar shi ne ruwa, da sauro, da laka. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba lokacin ambaliya ne a wajenmu, ka tambayi duk wanda ya ga 2020 da 2022 a Haɗejia da Auyo da Kirikasamma. Baturiya, inda ake zuwa kallon tsuntsu, a ƙaramar hukumar Kirikasamma take, kuma da zarar ka bar kwalta Sienna ba ta da ta cewa a damina. Ƙasan motar nan kusa yake da ƙasa. Ka bari sai hutun Disamba. Magana ta ƙare.

Baban Ummi: Na gode ɗan uwa, amma a Disamba babu mota. Ai shi ne tushen maganar. Kuma na ga hotuna, wurin kore shar, ai damina ce ke sa shi haka.

Ɗan Haɗejia: Koren da ka gani rabinsa kachalla ce, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa. Bari in gaya maka abin da ba ya fitowa a hoto. Ruwan da ke cika fadamar nan daga kogin Haɗejia da na Jama'are yake zuwa, na Haɗejia kuma daga nan Kano yake tasowa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canja. Da can ruwa ya zo da ƙarfi a damina, ya malale fadama, ya janye da rani, manomi ya shuka, makiyayi ya shigo, masunci ya kama kifi. Yanzu ana sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya a cikinta yana fitowa yana cinye wa mutane shinkafa da gero. Gonar mahaifina da muka yi noman shinkafa muna yara, yau ko kwale-kwale ba ya ratsa ta. Ku kuna shan ruwan famfo kuna noman rani a Kadawa, mu muna fama.

Alhaji na Kurna: Wane ruwan famfo? Ni dai rabona da in ga ɗigo a famfon gidana har na manta, 'yan garuwa ne ke riƙe da mu, kullum da sabon farashi. Kada ka ɗora mana laifin da ba mu ci ribarsa ba. Malam Baban Ummi, ni shawarata daban. Kafin ka kai yara Daura, ka kai su Gidan Makama? Sun hau Dala? Sun ga marinar Ƙofar Mata? Gidan Ɗan Hausa fa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya fara makarantar boko? Mutum yana Gwammaja, Dala tana kallonsa kullum, amma sai Nguru.

Baban Ummi: Alhaji waɗannan ai suna nan, ko yaushe za a iya zuwa a Adaidaita. Mota na samu, nesa nake so mu je.

Alhaji na Kurna: Suna nan? Je ka duba badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ka gaya min abin da ya rage. Muna yara a kanta muke wasa. Yau an yanka an yi shaguna da gidaje, wasu ƙofofin an rushe an sake su da siminti. Turawa da suka ci Kano a 1903 da igwa ba su yi wa ganuwar nan abin da muka yi mata da hannunmu ba.

Maman Iman: Alhaji an bar maganar Malam an koma badala. Ni bayan uwargida nake. Ba tsoro ba ne kawai. Yaro in ya ga ruwa sai ya tsoma ƙafa, ruwan fadama kuma da tsargiya. Ga zazzaɓin cizon sauro a Agusta, ko a cikin Kano asibitoci cike suke. Ga kwale-kwale, duk damina sai mun ji labarin wanda ya kife a Jigawa, kuma yawanci babu rigar ruwa. In dai ka nace, gidan sauro, ruwan sha daga gida, kuma kada yaro ya shiga jirgi ba rigar. Sannan Malam, matarka ta ce a'a, ka zo nan kana neman waɗanda za su ce e.

Baban Ummi: Hajiya ba haka ba ne. Ita ko Tiga aka ce za a je sai ta ce a'a. Mahaifiyarta ce ke zuga ta.

Direban Yankaba: Ni hanyar nake bi. Kano zuwa Haɗejia ta Gezawa, Ringim, Gujungu, kwalta ce, in ka fita bayan asuba kafin azahar ka daɗe da isa. Ranar kasuwar Gujungu dai ka shirya wa cunkoso. Nguru ma ana zuwa a damina, mu ba ma daina aiki. Ruwa yana nan a bakin gari, ba sai ka shiga daji ba, ka tsaya kan titi ka ga masunta da komarsu. Kuma ko babu baƙin tsuntsaye akwai na gida, balbela, zalɓe, kirinjijiya, ɗinya, shamuwa ma lokacinta ne. Yaron da tattabara ke burge shi ai wannan ya ishe shi. A Nguru ka nuna musu tashar jirgin ƙasa, nan layin dogo da ya taso daga Kano ya tsaya, tun zamanin gyaɗa. Abu ɗaya, kada ka yi tafiyar dare, kuma ka tambayi direbobi a tasha ranar da za ka tashi ko ruwa ya yanke wani wuri.

Ɗan Haɗejia: Kai direba ne, fasinja kake saukewa ka juyo. Shi kallo zai je. Balbela ce za a ƙona mata man Kano zuwa Nguru? Akwai ta a bayan kwatar Fagge. Wurin da ake magana shi ne Dagona, can wajen Gashuwa, ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya je wurin a 1989 saboda tsuntsayen nan. Tafkin Nguru kuma tun 2000 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na Ramsar. Amma duk da sanyi ake zuwa. Na faɗa, na kuma faɗa. In Haɗejia zai zo a Agusta, to ya tsaya cikin gari, ya ga fadar Sarki, a nuna masa inda aka gwabza da Turawa a 1906, yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada, ya sayi bandar kifi ya koma gida.

Malama Ta Sabuwar Gandu: Ni na kai ɗalibai Daura. Ta Kazaure ake bi, hanya ce mai sauƙi, a je a dawo rana ɗaya. Rijiyar tana cikin gini, akwai mai kula da ita, shi zai ba su labarin macijiya da Daurama, a jawo ruwa da guga yara su sha. Yarinyar da na fi tunawa leƙawa ta yi ta ɗago ta ce, Malama ai ƙarama ce. Ku shirya wa wannan, a ransu wani ƙaton rami suke zato. Ka riƙe ɗan canji na mai gadi. In kuma gabas kake so, ga Birnin Kudu ta Wudil, akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ba ruwa ba laka. Ka yi Daura rana ɗaya, Birnin Kudu rana ɗaya, kowace rana ku kwana a gida, uwargida ta samu kwanciyar hankali.

Baban Ummi: Malama na ji, Allah ya saka. Sai dai in aka kwana a gida ai ba tafiya aka yi ba. Kuma namijin fa? Ita ta ga rijiyarta, shi ya ga zanen saniya? Katsina zan iya cirewa, amma Nguru na riga na faɗa masa.

Ɗan Haɗejia: To ka je. In motar ƙaninka ta kafe, ka tanadi kuɗin masu tura ta, kuma ka tanadi abin da za ka gaya masa, tunda ka ce da ƙyar kuka shirya.

Direban Yankaba: Ba za ta kafe a kan kwalta ba, haba.

Maman Iman: Har yanzu ba ka faɗi shekarun ƙaramin ba.

Baban Ummi: Zan sake yi mata magana da daddare. Direba, mai na nawa Sienna za ta sha zuwa Nguru da dawowa? Kuma akwai wanda ya san masauki mai sauƙi a can, wanda za a iya shiga da iyali?