Hayar gini a Gombe domin buɗe reshen gidan abinci da sunan kamfani: in biya dillali yanzu?

Mai tambaya, daga Tumfure:

Assalamu alaikum. Na yi nisa a tattaunawa da wani kamfanin gidajen abinci na Legas da zai ba ni izinin buɗe reshe da sunansa a Gombe, wato tsarin faranchayis, irin wanda aka san Mr Bigg's da shi a ƙasar nan. Izinin na shekara 5 ne. Wani dillali ya nuna mini gini a bakin titin Bauchi, sai dai mai ginin ya ce hayar shekara 2 kaɗai zai bayar, kuɗin duka a gaba. Dillalin kuma ya matsa mini lamba in ajiye kafin alƙalami cikin makon nan tare da la'adarsa ta kashi 10 cikin 100, wai wani banki na zawarcin wurin. Har yanzu mutanen kamfanin ba su zo sun ga ginin ba. Ina neman shawara.

Tsohon dillali, daga Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka fitar da ko sisi sai kamfanin ya amince da wurin a rubuce. Mai shagon atamfa shi kaɗai ke yanke wa kansa hukunci, kai kuwa ku biyu ne a kan ciniki, kuma na biyun yana da sharuɗɗansa: faɗin fuskar gini, wurin ajiye motoci, inda za a kafa janareta, hanyar fitar hayaƙin kicin, da damar kafa babban allon suna. Za su kuma tambayi ruwa, domin gidan abinci a Gombe ba ya dogara da ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa kaɗai, sai da rijiyar burtsatse ko babban tanki. Idan suka ƙi ginin bayan ka biya, dawo da kuɗin nan sai an kai ruwa rana.

La'adar kashi 10 al'ada ce, kuma ranar sa hannu ake biyanta. Tambayi dillalin a gaban shaida ko mai ginin ma zai ba shi wani abu, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganar banki kuwa, mu ma mun sha faɗinta a ƙuruciya.

Wata lauya, daga Gombe:

Ina goyon bayan Baba, amma abin da ya fi damuna shi ne saɓanin wa'adi. Za ka zuba kuɗi wajen tayil, silin, wayoyin lantarki da kicin bisa tsarin kamfani, sannan bayan shekara 2 mai gini ya ga wurin ya yi daraja ya ninka haya, alhali kamfanin yana bin ka sauran shekara 3. Dole hayar ta kai tsawon izinin, da sharaɗin sabuntawa, da ƙa'idar ƙarin kuɗi a rubuce tun yanzu, da kuma damar miƙa hayar ga kamfanin ko wani da ya amince da shi idan ka janye.

Hayar da ta haura shekara 3 ba a wadatuwa da rasit a kanta; ana rubuta cikakkiyar yarjejeniya, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista. Bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, bayar da irin wannan haya a filin da ke da takardar mallaka ta gwamna yana buƙatar amincewar gwamna. A fara bincike a hukumar GOGIS, mai kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, domin sanin sunan da ke kan takardar, da ko an jinginar da ita a banki. Idan ginin gado ne, wanda ke karɓar haya ya nuna wakilcin sauran magada a rubuce. Idan kuma gidan zama ne tun asali, sai an nemi izinin sauya shi zuwa wurin kasuwanci daga hukumar tsara birane.

Ɗan kasuwa, daga Bauchi:

Barista, a takarda maganarki daidai ce, amma masu gine-gine suna gudun doguwar haya saboda faɗuwar darajar naira, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma sai da na amince da ƙarin haya duk bayan shekara 2, da adadin da muka rubuta tun farko, kafin mai ginina ya sa hannu. Na kuma nemi watannin gyara ba tare da haya ba, ya ba ni 3. Wanda ya sasanta mu ƙwararren mai ƙiyasin kadarori ne da ke da rajista da hukumar ESVARBON mai yi wa masu wannan sana'a rajista, ni na ɗauke shi, ni kaɗai kuma na biya shi.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na sanar da dillalin cewa zan jira mutanen kamfanin, na kuma nemi kwafin takardar ginin. Ya ce tana hannun yayan mai ginin a Kaduna. Barista, da lambar fili kaɗai za a iya fara binciken, ko sai kwafin ya iso?