Ba na bambance ja da kore sosai: ko zan iya ci gaba da ɗaukar hoto?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar ɗaukar hoto. Ina da tambaya da ta daɗe tana damuna, kuma ina fatan samun amsa daga waɗanda suka riga ni a wannan fage. Likitan ido ya tabbatar mini cewa ina da raunin bambance launuka, irin wanda ya shafi ja da kore, bayan ya nuna mini shafukan nan masu ɗige-ɗige da ake ɓoye lambobi a cikinsu, na kasa karanta da yawa daga ciki. Ba wai duniya nake gani a baƙi da fari ba. Ina ganin shuɗi da rawaya sarai, amma kore mai duhu da ruwan ƙasa sukan rikice mini, haka shuɗi da shunayya, kuma ruwan hoda mai haske kusan ruwan toka nake ganinsa.

A lokacin ɗauka ba na jin wata matsala. Matsalar tana zuwa ne idan na zauna gyaran hoto a kwamfuta, domin hoton da ya yi mini kyau sai wani ya duba ya ce fuskar mutumin ta yi kore-kore, ko gajimare ya koma ruwan hoda, ni kuwa ko da an nuna mini wurin da yatsa ba na ganin abin da ake nufi. Sha'awa ce kawai, ba sana'a ba, amma raina yana son abin ƙwarai. Shin in haƙura da hoto mai launi in koma baƙi da fari, ko akwai hanyar da mutum irina zai bi ya fitar da launi daidai?

Tsohon Mai Kyamara ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye kyamararka, kuma kada ka yi gaggawar yanke wa kanka hukuncin cewa launi ba naka ba ne. Abin da ka bayyana ya nuna cewa matsalarka tana da iyaka sananniya, kuma abu mai iyaka ana iya kewaye shi.

Ka fara lura da cewa kyamara ba ta gaji raunin idonka ba. Tana auna ja da kore da shuɗi da kanta, ta rubuta su a matsayin lambobi, kuma waɗannan lambobin suna nan daidai ko ka gan su ko ba ka gan su ba. Ɓarnar tana shigowa ne a lokacin da ka ja madannin gyara kana dogara da idonka. A manhajojin gyaran hoto, sashen daidaita fari, wato inda ake sa farin abu ya fito fari a hoto, yana da madanni biyu: ɗaya yana tafiya tsakanin shuɗi da rawaya, wanda ake aunawa da ma'aunin Kelvin, ɗayan kuma, wanda aka rubuta wa Tint, yana tafiya tsakanin kore da ruwan hoda mai ƙarfi. Na farkon za ka iya sarrafa shi da idonka tunda kana ganin shuɗi da rawaya. Na biyun shi ne ya faɗo daidai kan inda idonka yake da rauni, kuma ina kyautata zaton shi ne yake mayar maka da fuskoki kore. Shawarata ita ce ka daina taɓa shi da ido gaba ɗaya.

Maimakon haka, ka nemi katin nan mai ruwan toka da ake yi musamman domin masu ɗaukar hoto. Kafin ka fara ɗauka, ka sa katin a cikin hasken da yake sauka a kan abin da za ka ɗauka, idan mutum ne ya riƙe shi kusa da haɓarsa yana fuskantar kyamara, ka ɗauki hoto guda, sannan ka cire katin ka ci gaba da aikinka. Idan ka zo kwamfuta, sai ka ɗauki alamar tsinken zaɓen fari ka danna a tsakiyar katin, manhajar za ta gyara madannan biyu da kanta, kai kuma ka kwafi wannan saitin zuwa sauran hotunan da aka ɗauka a cikin hasken. Da zarar haske ya sauya, misali kun tashi daga rana kun shiga inuwa, sai a sake ɗaukar katin. Wannan yana aiki sosai ne idan kana ɗauka a tsarin RAW, wato fayil ɗin da yake adana bayanan hoto ɗanye, domin a nan ana iya sauya daidaiton fari bayan ɗauka ba tare da hoton ya lalace ba, saɓanin JPEG wanda kyamara ta riga ta yanke hukunci a kansa.

Abu na biyu shi ne ka koyi karanta lambobin. A Photoshop kowane ɗigo na hoto yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255, a Lightroom kuma ana nuna su a matsayin kaso cikin ɗari a ƙarƙashin jadawalin haske, wato zanen da yake nuna yawan haske da duhu a hoton. Duk abin da ya kamata ya zama fari ko ruwan toka, lambobinsa uku za su yi kusan daidai da juna. Idan ka ɗora linzami a kan farar riga ka ga 200 da 212 da 199, ka san kore ya yi rinjaye, ko da idonka yana ce maka fara ce tas. Fatar mutum kuwa, mai duhu ce ko mai haske, a hasken da aka daidaita lambar ja ce take kan gaba, kore ya biyo, shuɗi ya zo ƙarshe. Idan kore ya matso ya kusa kamo ja, to ga koren fuskar da ake gaya maka. Manhajojin kyauta irin su darktable da GIMP su ma suna nuna waɗannan lambobi.

Ka kuma yi hattara da fitilun nan masu dogon bututu, domin da yawansu suna zuba kore a hoto, kuma idan haskensu ya gauraya da na taga, ko mai lafiyayyen ido sai ya sha wahala kafin ya daidaita shi. Inda hali ya yi, a kashe ɗaya a yi aiki da haske iri guda.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Ina so in ƙara bayani kan yanayin kansa, domin sanin irin naka zai taimake ka. A bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri uku da suke karɓar launi, kuma raunin ja da kore yana faruwa ne idan iri ɗaya daga cikin biyu, na ja ko na kore, ya yi rauni ko babu shi. Gadonsa ake yi ta kuromosom ɗin X, shi ya sa ya fi yawa ga maza: a tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 yana da shi, mace kuwa kusan 1 cikin 200. Gwajin da aka yi maka shi ne na Ishihara, wanda wani likitan ido ɗan Japan ya fitar a 1917, kuma aikinsa gano matsalar ne, ba auna zurfinta dalla-dalla ba.

Ka koma ka tambayi likitan ko ƙwayoyin ja ne suka yi rauni ko na kore. Idan na ja ne, to jan abu yana bayyana maka da duhu fiye da yadda wasu suke ganinsa, kuma hakan zai iya sa ka ƙara wa hoto haske har jan ya ƙone, don haka sai ka riƙa duba jadawalin ja shi kaɗai. Sannan ga duk mai karatu da ya ga launuka sun fara sauya masa bayan ya girma, musamman a ido ɗaya, wannan ba irin na gado ba ne. Ciwon sukari da hawan jinin ido da wasu magunguna suna iya jawo shi, kuma ya kamata a ga likita ba tare da jinkiri ba.

Baƙi da Fari ya amsa:

Ni ma ina da irin wannan raunin, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Malam Tsohon Mai Kyamara. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma lambobi suna gaya maka launin da yake daidai ne kawai, ba sa gaya maka launin da yake da kyau, kuma ba sa tsayawa tare da kai a lokacin ɗauka. Jan fure a cikin koren ganye yana fizgar idon mai kallo nan take, alhali mu yakan ɓace mana a cikin ganyen, saboda haka za ka iya tsara hoto da kyau, sai wani jan bokiti da ke can gefe, wanda ba ka ba shi muhimmanci ba, ya kwashe hankalin kowa daga fuskar da ka nufa. Kati mai ruwan toka ba ya maganin wannan.

Ni na zaɓi baƙi da fari, kuma ban ɗauke shi a matsayin mafaka ba. A can ne nake jin cewa ni da mai kallo abu ɗaya muke gani, kuma hankalina ya koma kan haske da inuwa da siffa da laushi ko kaushin abu. Sai dai ka sani cewa launi yana nan yana aiki a ƙarƙashi: ja da kore masu haske ɗaya sukan koma ruwan toka iri ɗaya idan aka cire launi, don haka dole ka yi amfani da madannan da suke haskaka ko duhunta kowane launi daban domin ka raba su. Daɗin abin shi ne sakamakon yana fitowa a matsayin haske da duhu, wanda kake iya hukunci a kansa da idonka. Ka saita kyamararka ta nuna maka baƙi da fari a allonta alhali tana adana RAW, launin yana nan a ajiye duk ranar da ka buƙace shi.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi katin, kuma zan gwada saitin baƙi da fari tare da RAW domin in riƙe ƙofofin biyu a buɗe. Saura tambaya ɗaya: tabarau ɗin nan da ake tallatawa cewa suna gyara ganin launi, shin zai amfane ni in sa su a lokacin gyaran hoto?

Malama Mai Nazari ta amsa:

Ban ba ka shawarar yin gyara da su ba, ɗan'uwa. Abin da suke yi shi ne tace wani yanki na haske tsakanin ja da kore domin bambancin ya ƙara fitowa ga wasu masu raunin, amma ba sa mayar da ƙwayoyin da suka yi rauni, kuma suna sauya yadda allon kwamfuta yake bayyana maka, har farin da kake son daidaitawa ya tashi daga fari. Idan kana son gwada su a waje domin ka hango jan abu a cikin kore kafin ka danna, wannan wani abu ne daban. A wajen gyara kuwa, ka tsaya kan katin da lambobin, sannan ka samu mutum ɗaya mai lafiyayyen gani da zai riƙa duba maka hoto kafin ka fitar. Kada ka tambaye shi ko hoton ya yi kyau. Ka tambaye shi ko fatar ta karkata zuwa kore ko ruwan hoda, da kuma abin da idonsa ya fara sauka a kai da ya buɗe hoton.