Neman shawara: an ba maigidana kashi 0 a kan tabon da ya samo a aikin sojan Amurka

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu masaniya kan diyyar tsofaffin sojojin Amurka ku taimaka mini. Maigidana ya yi aikin soja a nan, an kai shi Iraƙi, a can ɓurɓushin ƙarfe ya same shi a ƙafa da wuya. Gwiwar an ba shi kashi 30 cikin ɗari a mizanin nakasa da ake biyan diyya da shi. Saura tabo uku: biyu a cinya inda aka yi tiyata, ɗaya a gefen wuya wanda ya taso ya yi tudu, irin yadda fatarmu kan yi. Takardar hukunci ta zo wata huɗu da suka wuce. An amince aikin ne ya jawo su, amma an rubuta kashi 0. Alhali ɗaya na cinyar yakan tsage ya yi ruwa in wando ya goge shi, na wuyan kuwa ko kwalar riga ba ya so ta taɓa. Da na tambaye shi me ya gaya wa mai duba shi, sai ya ce "da sauƙi, Alhamdulillahi" kawai ya ce. Yanzu wai a bar wa Allah. Ni kuma ina ganin haƙƙinsa ne. Ta ina ake fara ɗaukaka ƙara?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan sifilin ba kora ba ce. Tunda an yarda aikin soja ne sanadi, rabin wahalar ya wuce, abin da ya rage jayayya ce kan mizani. Kuma "da sauƙi" ɗin nan ita ta kayar da shi. Mai dubawa fom yake cikewa, akwai gurbin da ake tambaya ko tabon na zafi, akwai na ko fatar kansa na yawan ɗayewa. Dauriyar da aka koya mana a gida da bariki, a ɗakin nan "babu ciwo" ake rubuta ta.

Dokar da VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, ke aiki da ita, sashe na 4.118, lamba 7804, a fili take: tabo ɗaya ko biyu masu zafi ko masu yawan tsagewa kashi 10, uku ko huɗu kashi 20, biyar zuwa sama kashi 30. In kuma akwai wanda ya haɗa zafi da tsagewa, ana ƙara 10 a kai. Ki auna wannan da abin da kika faɗa mana.

Nas Hadiza:
Yaya, ki kula da na wuyan, don shi lambarsa daban ce, 7800, ta kai da fuska da wuya. A nan alamomin sauya kama guda takwas ake ƙirgawa. Daga ciki akwai tsawon da ya kai santimita 13, faɗin da ya kai santimita 0.6, tabon da in an shafa a ji ya taso ko ya lotsa, da wanda ya manne da naman ƙarƙashinsa. Alama ɗaya kashi 10 ce, biyu ko uku kashi 30. Tabo mai tudu irin wanda kika kwatanta da wuya a ce ba shi da ko ɗaya. Kuma ba a hana a biya shi a wannan lamba sannan a sake ƙirga shi cikin masu zafi.

Ku ɗauki hoto mai launi da rana, a ɗora rula kusa da tabon, kar a gyara hoton da komai. Ranar da na cinyar ya tsage, ya je asibiti a ranar, a gani a rubuta. In ƙafar na sagewa ko tana masa kamar tafiyar kiyashi, ya faɗa, wannan jijiya ce, ma'auninta daban.

Ɗan Zango:
Ni dai a ganina ku tafi kai tsaye gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara, fom 10182. Ya zauna ya nuna masa wuyan da idonsa, magana ta ƙare.

Tsohon Saje:
Malam Ɗan Zango, a yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Layin zama gaban alƙali shi ya fi kowanne tsawo, ana iya shekaru ana jira, kuma alƙalin ma takardar likita zai nema. Tun watan Fabrairun 2019 hanya uku ce. Ta alƙali ɗaya ce. Akwai ta neman babban jami'i ya sake duba fayil, fom 20-0996, amma a nan ba a karɓar sabuwar shaida, wannan "da sauƙi" ɗin dai zai sake karantawa. Ta fi dacewa da inda ma'aikaci ya yi kuskure alhali hujja na cikin fayil. Wadda ta dace da ku ita ce ta ƙarin hujja, fom 20-0995: ku kai sabon abin da ba su gani ba, kuma suna iya sake kiransa a duba shi.

Abin da ba wasa a ciki shi ne lokaci. Shekara ɗaya ce daga ranar da ke kan takardar. In kun shigar a cikinta aka yi nasara, ana biyan bashin baya tun daga asalin ranar da ya nema. In ta wuce, wannan kuɗin ya tafi.

Maman Amira:
Allah ya saka da alheri. To ni maganata tana da amfani? Ni ce mai wanke masa wurin, ni ke ganin jini a zanin gado.

Nas Hadiza:
Sosai ma. Akwai fom 21-10210 na shaidar wanda ya gani da ido. Kar ki shiga maganar likitanci, ki rubuta abin da kike gani: yawan tsagewar a wata, tsawon kwanakin da yake ɗauka kafin ya kame, irin kayan da ya daina sawa. Banda ƙari, banda ragi.

Baba Alhaji Houston:
'Yata, abu biyu. Na farko, kar ku sa rai 30 na gwiwa da 20 na tabo za su ba da 50. Daga ragowar lafiyar mutum suke lissafi: 20 cikin ɗari na 70 shi ne 14, ya zama 44, su mayar da shi 40. Na faɗa ne don kar takarda ta zo ku ce an cuce ku.

Na biyu, masu talla a Facebook da ke cewa za su ɗaga muku kashi in kun ba su kuɗin wata kaza, ku guje su. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin DAV da VFW da American Legion kyauta suke cike takardun nan. In lauya kuke so, ku tabbata sunansa na cikin waɗanda VA ta tantance.

Shi kuma Baban Amira ki gaya masa in ji ni, faɗa wa likita inda ke ciwo ba raki ba ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. In an sake kiransa, ki raka shi. Ya kwatanta ranar da ciwon ya fi tsanani, ba ranar da ya tashi garau ba.

Maman Amira:
Na gode Baba, zan karanta masa saƙonka yadda yake, ya fi jin maganar manya. Gobe in Allah ya kai mu zan kira ofishin DAV na kusa da mu in nemi rana. Nas Hadiza, zan turo miki hoton ta akwatin sirri ki duba mini ko rular ta fito sosai.